Abin Da Ke Sa Makaranta Ta Yi Albarka

Jawabin da aka gabatar a wajen bikin aza harsashin ginin masallaci a garin Wudil



Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Shugaban wannan taro, limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Dagatai da masu unguwanni, manyan baƙi da suka taso daga Kano da Gaya da Garko da sauran wurare, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana malaman makaranta, da ku yara manyan gobe, ina gaishe ku gaba ɗaya.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nufe mu da ganin wannan rana, ina miƙa godiyata ga 'yan kwamitin gini, waɗanda suka ga ya dace a ba ni dama in ce wani abu. Maganar masallaci da falalar gina shi malamai sun riga sun yi ta, ba ni kuwa da abin da zan ƙara a kan nasu, gaba da gabanta. Ni abin da aka ɗora mini shi ne in yi magana a kan makarantun 'ya'yanmu, na firamare da na sakandare, domin a can na ƙare ƙuruciyata, da alli a hannu. Ba a kuwa yi kuskure ba da aka haɗa biyun, gama duk inda aka kafa masallaci a ƙasar nan, ba a daɗewa sai ka ji muryar yara tana tashi a gefensa.

Tambaya ɗaya nake so mu duba. Ga makarantu biyu a gunduma ɗaya, manhajarsu ɗaya, albashin malamansu ɗaya, iyayen yaran kuma duk manoma ne da masunta da 'yan kasuwa. Amma ɗaya tana fitar da yaro ya iya karanta wasiƙa ya rubuta amsa, ɗayar kuwa yaro ya shekara shida a cikinta ya fito ko sunansa bai iya rubutawa ba. Me ya kawo wannan bambanci? Shekaru fiye da 50 ke nan masana suna bin wannan tambaya da bincike, kuma wani yanki na binciken a nan ƙasar Wudil aka yi shi. Zan kawo muku abin da suka gano, sa'an nan in faɗi abin da nake gani ya rage gare mu.

Gari mai makarantu

Wudil ba baƙuwa ba ce ga sha'anin ilmi. Dattawa suna tune da Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, wadda ta yaye malaman da suka riƙe makarantun Jihar Kano shekara da shekaru, da kuma makarantar koyon sana'a. Ga Kwalejin 'Yan Sanda ta Nijeriya. Ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda aka sa wa sunan Alhaji Aliko Ɗangote a 2022. Garuruwa kaɗan ne a Arewa suka sami irin wannan rabo.

Amma kowace jami'a da abin da firamare ta aiko mata take aiki. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi ambaliya, aka gina ajujuwa a ƙauyuka, aka horar da malamai cikin gaggawa don a cike gurbi. A 1999 aka sake ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004. A 2019 Jihar Kano ta ce ilmi kyauta ne kuma tilas, sa'an nan a watan Yuni na 2024 gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Duk cikin waɗannan shekaru mun iya ƙidayar ajujuwa da kujeru da kawunan yara. Abin da muka daɗe ba mu ƙidaya ba shi ne yara nawa ne a cikin aji suka iya karatu.

Abin da aka gano a ƙasashen waje

Asalin wannan bincike daga Amurka ya taso. A 1966 wani masani mai suna James Coleman ya gabatar wa gwamnatin ƙasarsa rahoto, bayan an jarraba yara fiye da 600,000 a makarantu wajen 4,000. Abin da ya fito ya girgiza mutane. Ya ce bambancin da ake gani tsakanin yara, galibinsa daga gidajensu ya taso, watau ilmin iyaye da halin zamansu, kuma kyan gini da yawan kayan aiki ba su taka wata babbar rawa ba. Mutane da yawa suka fassara maganar da cewa makaranta ba ta iya sauya kome, ɗan talaka yadda ya shigo haka zai fita.

Wasu masana ba su yarda ba. A Ingila, Michael Rutter da abokan aikinsa suka ɗauki makarantun sakandare 12 a unguwannin talakawa na birnin Landan, suka bi yaran shekara da shekaru, suna zama a cikin aji suna rubuta abin da suke gani. A 1979 suka fitar da littafi, suka sa masa suna daga awa 15,000 da yaro yake yi a makaranta tun shigarsa har fitarsa. Sun tarar ko da an yi la'akari da irin yaran da kowace makaranta ta ɗauka, akwai bambanci mai yawa a tsakaninsu wajen zuwa makaranta, da ɗa'a, da cin jarrabawa. Tsufan gini ko girman makaranta ba su ne suka kawo bambancin ba. Makarantun da suka yi fice su ne waɗanda malamansu suke shiga aji a kan lokaci da shirin darasi, suna ba da aikin gida suna kuma dubawa, suna yabon yaro in ya yi abin kirki, suna ɗora wa yara ɗawainiya, kuma bakin malaman ɗaya ne a kan dokokin makaranta. Yawan bulala kuwa bai ƙara ɗa'a ba.

A wannan shekara ta 1979, wani malami baƙar fata na Amurka, Ronald Edmonds, ya duba makarantun da 'ya'yan talakawa suke cin nasara a cikinsu, ya lissafa abubuwa biyar da suka yi tarayya a kai: shugaba mai tsayawa a kan aikinsa, kyautata zato ga kowane yaro cewa zai iya, natsuwa da tsari a cikin makaranta, fifita karatu da rubutu da lissafi a kan kome, da yawan auna ci gaban yara. A 1988 Peter Mortimore da jama'arsa suka bayyana sakamakon bin yara 2,000 a makarantun firamare 50 na Landan har shekara huɗu. Suka tarar idan ci gaban da yaro ya samu ake magana, makarantar da ya shiga ta fi gidan da ya fito tasiri.

Wani zai ce wannan ai labarin Turawa ne. To, Stephen Heyneman ya yi irin wannan bincike a Yuganda cikin shekarun 1970, sa'an nan a 1983 shi da William Loxley suka gwama sakamakon ƙasashe 29. Suka ce gwargwadon talaucin ƙasa, gwargwadon nauyin da makaranta da malami suke da shi a kan abin da yaro zai sani. Masana na baya sun yi ja-in-ja a kan girman wannan bambanci, amma hankali ma ya ɗauki dalilin. Yaron da babu littafi ko ɗaya na boko a gidansu, in bai samu a wurin malaminsa ba, ina zai samu?

Yadda ake auna makaranta

A nan akwai wata ƙa'ida da nake so kowa ya riƙe, kuma mutumin Wudil ba ya bukatar dogon bayani a kanta. Ku je kara ran Juma'a. Mutum biyu sun kawo bijimai, duka sun yi ƙiba. Na farko ya sayi nasa da ƙibarsa wata uku da suka wuce, na biyu kuwa ramamme ya saya, ya turke shi, ya yi ta ba shi harawa da dusa da kanwa har ya zama haka. Wane ne gwanin kiwo? Kowa ya san na biyu ne. Ba a sanin gwanintar mai kiwo sai an san yadda dabba take ran da ta shigo hannunsa.

Haka makaranta take. Sakamakon jarrabawar fita shi kaɗai ba ya nuna ƙwazon makaranta, sai an san yadda yaran suka shigo. Ku dubi makarantun sakandare na kimiyya da Jihar Kano ta kafa a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977. Sun fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa, abin alfahari ne, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazarin shekaru gomansu na farko a digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a 1988. An ba su hukuma tasu ta kansu, da ɗakunan gwaje-gwaje, da wurin kwana. Amma kada mu manta da jarrabawa aka tace yaran da suka shige su. Saboda haka ba adalci ba ne a gwada su da makarantar jeka-ka-dawo ta ƙauye wadda take karɓar duk wanda ya zo. Mai yiwuwa ne hedimastan ƙauyen da ya karɓi yaro bai san baƙi ba, ya mai da shi mai karatu, ya fi kowa cancantar yabo, ko da ba a taɓa jin sunan makarantarsa a rediyo ba.

Kayan aiki da lokaci

Kada wani ya tashi daga nan ya ce na ce gini ba shi da amfani. Yaron da yake zaune a ƙasa, rufin aji yana yoyo, su fiye da ɗari a gaban malami ɗaya, an riga an tauye shi. Abin da bincike ya nuna shi ne kaya su kaɗai ba sa koyarwa. A yammacin ƙasar Kenya an raba wa wasu makarantu littattafan karatu, aka bar wasu don a gwada. Sakamakon da Paul Glewwe da Michael Kremer da Sylvie Moulin suka bayyana a 2009 ya nuna yaran da da ma suke kan gaba su kaɗai suka ƙaru. Sauran ba su amfana ba, domin littattafan da Turanci aka rubuta su, kuma sun fi ƙarfinsu. An ba makaho madubi ke nan.

Sai kuma lokaci. A 2006 aka buga wani bincike da aka yi a ƙasashe shida, har da Indiya da Yuganda, inda aka riƙa kai wa makarantu ziyarar ba-zata. Aka tarar kusan malami ɗaya cikin biyar ba ya nan a lokacin da ya kamata a same shi. Mu yi lissafi da kanmu. A ce makaranta tana buɗe kwana 180 a shekara, kuma kullum ana asarar awa ɗaya wajen makara da shara da hira a gindin bishiya. A shekara an yi asarar awa 180, a shekara shida awa 1,080. Ba a sa ranar kasuwa da yara suke tafiya talla ba, ba a sa lokacin shuka da girbi ba. Wannan asara ba ta bukatar ko kwabo kafin a toshe ta.

Malami kuma ba ya ba da abin da ba shi da shi. A 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa a kan darussan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da ake bukata ba. An yi ta gardama a kan yadda aka yi jarrabawar da abin da ya biyo baya. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, yawancin waɗannan malamai su ma irin waɗannan makarantu ne suka yaye su. Zagin malami ba ya ƙara masa sani. A ɗauke shi bisa cancanta, a horar da shi, a biya shi a kan kari, sa'an nan a tambaye shi aikinsa.

Da aka zo gida

Cikin shekarun 2011 zuwa 2013 an jarraba yaran ƙananan ajujuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato, ɗaya bayan ɗaya, aka ba kowane yaro ɗan gajeren labari da Hausa ya karanta. Mafi yawansu ko kalma ɗaya ba su iya karantawa ba. Hausa fa, harshen da suka sha a nono. Daga nan ne aka fito da littattafan Mu Karanta a jihohin biyu, aka kuma yi makamancin wannan aiki a Katsina da Zamfara. Tun kafin wannan, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa aka koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Yaro ya fi saurin gane yadda baƙi yake haɗuwa da wasali a harshen da yake ji, in ya gane kuwa, ya gane ke nan har abada.

Daga 2008 zuwa 2017 an gudanar da shirin ESSPIN da taimakon gwamnatin Ingila a jihohi shida, watau Kano da Jigawa da Kaduna da Kwara da Legas da Inugu. Shirin ya dogara a kan horar da hedimastoci da malamai, da tsara wa kowace makaranta shirin gyaranta na shekara, da kafa kwamitin jama'ar gari mai kula da makaranta. An yi awo a 2012 da 2014 da 2016. Makarantun da suka daɗe a cikin shirin sun fi sauran tsari, amma karatun yara gaba ɗaya bai tashi yadda aka so ba, ga kuma yara suna ta ƙaruwa a ajujuwa. Darasin da ke ciki shi ne gyaran ofishin hedimasta wajibi ne, amma sai gyaran ya sauka har kan yaron da ke zaune a layin baya.

Gwajin da aka yi a Wudil

A 2019 aka zaɓi ƙananan hukumomi biyu a Jihar Kano, Wudil da Dawakin Tofa, don gwada wani shiri mai suna KaLMA. Ma'aikatar Ilmi da Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha da Kwalejin Ilmi ta Sa'adatu Rimi suka haɗa hannu da British Council da ƙungiyar TaRL Africa, gwamnatin Ingila ta ba da kuɗi. An nufi yara fiye da 37,000 na aji huɗu zuwa aji shida. Da yawa daga cikin malaman da ke zaune a nan da hannunsu aka yi aikin, sun fi ni sanin daɗinsa da wahalarsa.

Hanyar mai sauƙi ce. Malami ya zauna da kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, ya nuna masa takarda. Ya san baƙaƙe? Yana iya haɗa kalma? Yana iya karanta 'yan jimloli? Yana iya karanta labari? Haka kuma a lissafi, daga sanin lambobi zuwa tarawa da ɗebewa da sauransu. Sa'an nan a ware wani lokaci a kullum, a ajiye maganar aji, a raba yara bisa matsayin da kowa ya kai. Masu koyon baƙi su zauna wuri ɗaya ko da wani ɗan aji shida ne, masu haɗa kalma su zauna wuri ɗaya. Bayan 'yan makonni a sake aunawa, wanda ya ƙaru ya yi gaba. Turanci ma ta kan Hausa ake bi a kai yaro gare shi. Annobar korona ta rufe makarantu a 2020, aka koma ga rediyo da saƙon waya da takardun aikin gida, aka dawo aji a 2021. Awon da aka yi daga baya ya nuna yawan yaran da suka iya karatun Hausa da lissafi ya ƙaru.

Wannan hanya daga Indiya ta taso, a hannun wata ƙungiya mai suna Pratham, kuma Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami lambar Nobel tare da Michael Kremer a 2019, sun daɗe suna jarraba ta. Akwai abin lura a cikin abin da suka gano. A jihohin Bihar da Uttarakhand, inda aka horar da malamai aka ba su kaya aka bar su, malaman sun koma ga bin manhaja yadda suka saba, yara ba su ƙaru da abin kirki ba. A jihar Haryana kuwa, inda aka keɓe awa ɗaya a kullum, aka sa jami'an da su ma sun gwada hanyar da kansu suna zagayawa suna taimakon malamai, karatun yara ya tashi. Ashe taron bita na kwana uku ba ya gyara makaranta. Sai an keɓe lokaci, an kuma sami mai bibiya.

Allah ya gafarta malamai, da na fara jin bayanin wannan hanya sai na yi murmushi, domin na san ta tun ina ƙolo. A makarantar allo kowane yaro da allonsa. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wani ya yi nisa, duk a tsangaya ɗaya. Malam yana sauraren kowa shi kaɗai, kuma ba a wanke allo sai yaro ya biya ya iya. Ba a taɓa cewa shekara ta ƙare, kowa ya wuce gaba ko ya iya ko bai iya ba. Mu ne a boko muka ɗaure yaro da shekara, muna tura shi daga aji zuwa aji, malami yana bin manhaja, yaro yana bin malami da ido. Abin da masana suka sha wahala suka tabbatar da alƙaluma, kakanninmu suna aiki da shi tun da daɗewa.

Ban manta da sakandare ba. Na taɓa shiga wani aji na ƙaramar sakandare, ba zan faɗi ko ina ne ba, na tarar malami ya cika allo da bayanin kimiyya, yara suna kwafa da kyakkyawan rubutu. Na ce wa wani yaro ya karanta mini abin da ya rubuta. Ya sunkuyar da kai. Zane yake yi, ba rubutu ba. Irin wannan yaro, in jarrabawar fita ta zo, ba shi da mafita sai satar amsa, mu kuwa manya mu taya shi, mu ce taimako ne. Mai awo da algus a mudu kansa yake cuta, domin ranar da yaron zai tsaya gaban aiki babu mai raɗa masa amsa. Maganin shi ne a auna kowane yaro a makon farko na shigarsa sakandare, wanda ke da giɓi a cike masa tun kafin a ɗora masa wani kaya.

Abin da ya rage gare mu

Jama'a, shirye-shiryen da baƙi suke kawowa suna da ranar farawa da ranar ƙarewa. Yaran kuwa namu ne, suna nan. Saboda haka ina da roƙo.

Ga hedimastoci da shugabannin sakandare: ku riga kowa zuwa, ku rage zaman ofis, ku shiga aji ku ga yadda ake koyarwa. Kowannenku ya iya faɗin yara nawa ne a makarantarsa suka iya karanta labari a farkon zango, nawa ne a ƙarshensa.

Ga 'yan'uwana malamai: kada mu yanke wa yaro hukunci mu ce daƙiƙi ne. Sau da yawa wani mataki ne ya tsallake, ba a koma an ɗauko shi ba. Mu koma mu ɗauko shi.

Ga iyaye: yau da dare, bayan sallar lisha, kowa ya kira ɗansa da 'yarsa, ya ba su wata takarda ta Hausa su karanta masa. Wanda bai yi boko ba ya nemi maƙwabci ya saurara masa. In yaro ya kasa, kada a doke shi. A je makaranta da safe a tambayi malami cikin mutunci, me za mu yi, ni da kai? A kuma bar 'ya'ya mata su kammala, a rage musu tallan safe.

Ga kwamitocin kula da makarantu, da dagatai da masu unguwanni: ku riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. In kun zauna taro, bayan maganar katanga da rijiya, ku tambayi lissafin masu karatu.

Ga masu hali, waɗanda Allah ya nuna mana alherinsu yau: aji da kujera sadaka ce mai gudana, amma ku haɗa da littattafan Hausa masu sauƙi na ƙananan yara, da ɗan abin ƙarfafa gwiwa ga malamin da aka tabbatar yara sun ƙaru a hannunsa.

Ga ɗalibanmu na jami'a da kwalejoji: lokacin hutu, kowannenku ya tara yara goma na unguwarsu ya koya musu baƙi da lissafi. Inuwar wannan masallaci, in Allah ya sa an kammala shi, za ta ishe ku.

Yanzu za mu tashi mu je inda magina suka haƙa rami. Duk abin da za a zuba a cikinsa yau ƙasa za ta rufe shi, baƙon da zai zo nan gaba hasumiya zai yaba. Amma magina sun san inda nauyin ginin yake zaune, shi ya sa ba sa gaggawa a wurin. Karatu da rubutu da lissafi na shekarun farko haka suke ga ilmin yaro. Mu ba su irin kulawar da za mu ba wannan rami.

Allah ya saka wa waɗanda suka ba da fili da dukiya da ƙarfinsu da alheri. Allah ya nuna mana ranar buɗewa lafiya. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya shiryi 'ya'yanmu, ya ba su ilmi mai amfani. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. In na yi kuskure a gafarce ni.